Tafkin Dodon Sauro

Allah Ya ja zamanin Farfesa, shugaban makarantar koyon kiwon lafiyar jama'a, Dodon Sauro, gagara cizo. An ce ko sunansa sauro ya ji sai ya tattara 'ya'yansa ya bar unguwa. Wa ya ce? Shi ya ce, kuma ai babba ba ya ƙarya.

Mutum ne mai tsananin tawali'u. Shi ya sa hotonsa na bakin ƙofa bai wuce tsayin ƙofar ba. A gaban ofishinsa ya sa an gina ɗan tafki na tayil mai tsarto ruwa sama, aka manna allon marmara da sunansa da duk digirorinsa, har allon ya kasa, aka ƙaro wani. Injin tsarto ruwan ya mutu tun a watan farko. Ruwan ya kwanta ya yi kore shar. Farfesa bai taɓa lura ba, don in ya zo wucewa allon yake karantawa.

A can ƙarshen ginin akwai ɗakin kiwon sauro. E, kiwo, kamar na kaji. Ɗaki ne mai zafi da gumi, cike da akwatunan raga, inda ɗalibai ke renon sauro don a gwada wane magani ke kashe shi, wanne ne ya daina ji. Ɗiyar ƙanwata tana cikinsu, ga goyo, ga shekarar ƙarshe. Da safe ta shayar da jaririnta, da hantsi ta ɗora damtsenta a kan raga ta shayar da sauro. Hannun nan ya koma kamar bayan kada. In sauronta ya rayu har ranar gwaji, ta gama makaranta. In ya mutu, ta maimaita shekara.

Farfesa bai taɓa shiga ɗakin ba, wai zafi na ɓata masa tunani. Amma duk takardar binciken da ta fito daga ciki, sunansa ne a sama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

Sai labari ya zo cewa manyan baƙi masu tallafa wa bincike za su kawo ziyara. Farfesa ya tara kowa, ya gyara tabarau.

"A matsayina na wanda ya durƙusar da sauro a idon duniya," in ji shi, "ba zan lamunci ko ƙwaya ɗaya ta yi wa baƙona kuka a kunne ba. A feshe ginin nan, lungu da saƙo."

Wani malami ya ɗaga hannu zai tuna masa da ɗakin ƙarshe. Farfesa ya ce in gwani na magana, ɗan koyo kunne yake kasawa. Masu feshi kuwa bayin Allah ne masu cika umarni. An ce lungu da saƙo, suka yi lungu da saƙo.

Washegari ɗiyar tamu ta buɗe ɗaki ta tarar da gawa baƙi ƙirin a gindin kowane akwati. Garin neman gira an rasa ido. Ta je ofis tana hawaye, Farfesa ya yi mata nasiha cewa ilimi sai da sadaukarwa, kuma shekara ɗaya ba komai ba ce a tarihin kimiyya. Ya ƙara da cewa in tana son mafita, ta nemo tsutsar sauro ta sake reno kafin gwaji. Ya san lokacin rani ne, kwatoci sun bushe. Ta zaga gari da ludayi da bokiti, daga bayan kasuwa zuwa wurin masu facin taya, ta dawo da ƙafa a kumbure, bokiti wayam.

Ranar ziyara Farfesa ya sha turare, ya tsayar da baƙi a gaban tafkinsa don a ɗauki hoto. Ita kuma ɗiyar tamu ta zube a bakin tayil ɗin don gajiya, ta sunkuyar da kai. Sai ta ga ruwan yana motsi. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

"A wannan harabar," Farfesa na cewa, "sauro ya zama tarihi."

Ta tsoma ludayi ta ɗago. Tsutsa maƙil, suna ta wutsil-wutsil. Baƙi suka bar shi da baki buɗe, suka durƙusa a gefenta. Babbar cikinsu, wata dattijuwa, ta ce tun da take yawon duniya ba ta taɓa ganin makiyayar sauro mai albarka irin wannan ba. Ta tambayi wa ya gina.

"Ranka ya daɗe," in ji ɗiyar tamu cikin ladabi, "ko in karanto musu allon?"

Ta reni sauronta, ta ci gwaji, ta gama makaranta. Kuma wannan karon an yi adalci, sunan Farfesa ya shiga takarda da guminsa. Ba a sama ba. Yana can ciki, a layin da aka faɗi inda aka ɗebo tsutsa.