Romon da Na Ba Mohan

Mutumin nan yafe mini ya yi da gaske, ko dai haɗiyewa ya yi saboda kunyar mijina? Har yau ban sani ba. Malam, mijin nawa, shi kaɗai zai iya gaya mini, shi kuwa ya rasu bara, ya bar ni a ɗakin nan na unguwar Waziriyya, nan ƙasar Larabawa, da littattafan da ban iya karanta ko baƙi ɗaya a cikinsu ba. (Faɗa nake ana rubutawa. In na yi shiru kuka ne, a jira ni.) Amma ranar kam ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Malam ya daɗe yana aiki a wani sito na tashar jiragen ruwa. Can ya haɗu da Mohan, wani ɗan Indiya siriri mai tabarau. Ba Musulmi ba ne, Hindu ne. Ni a lokacin abin da na sani game da Indiya bai wuce masu rawa cikin ruwan sama a talabijin ba.

Su biyun mayun karatu ne, kowa da littattafan addininsa. Da an tashi hutun rana sai gardama. Malam ya dawo gida yana murmushi ya ce, "Hajo, yau Mohan ya ce a wurinsu ana karatu ne don a yaye duhun da ke sa mutum ganin ya fi kowa. Wai kuma hanyoyin zuwa ga Ubangiji da yawa ne. Na ce masa ɗaya ce."

"To wa ya yi nasara?"

"Babu. Shayin ne ya ƙare."

Mohan ba ya cin abincin gidan kowa, da ɗan kwanonsa yake zuwa aiki. Malam ya yi ta roƙonsa shekara da shekaru, har dai ya yarda zai zo mana wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Murnar Malam kamar yaro da kayan sallah. Ana gobe zai zo ya ce mini, "Ba ya cin nama fa, ki kula." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na leƙa wurin maƙwabciyata Falmata, 'yar Cadi, na ba ta labari. Ta dafe ƙirji. "Wayyo bawan Allah! Haƙora ne ko ciki. Ki yi masa romo, yaya." (Ba zan ɗora mata laifi ba, abin da ke raina ta faɗa.) A Damagaram inda na tashi, wanda ya kasa tauna nama romo ake ba shi. Kuma ta ina zan ajiye wa babban baƙon mijina miya lami, kamar gidan da ba mace?

Na sayo ƙafar saniya, na ɗora tun da safe, ta dahu har ta narke. Na tace da ƙyalle mai tsabta, ko zaren nama bai wuce ba. Na kaɗa miyar kuɓewa da romon, na tuƙa tuwon shinkafa. Ina yi ina yaba wa kaina.

Mohan ya ci, ya ƙara. Ina tsaye bakin labule ina jin yana cewa, "Hajja, kwayyis! Kwayyis marra!" Wato da Larabci, ya yi daɗi ƙwarai. Sai ya tambayi abin da na sa a miyar, wai zai gaya wa matarsa a waya. Da na bar Malam ya fassara mini, da ƙila abin ya zo da sauƙi. Ina! Kai ya kumbura, sai na nuna ni ma na iya Larabci.

Na ce, "Bagara." Saniya ke nan a Larabcina.

Ya dube ni kamar bai gane ba. To don ya gane, sai ni, matar malami, mai jikoki, na ɗora yatsu biyu bisa kaina na yi ƙaho, na buɗe baki na ce, "Mbuuu!"

Lomar da ke hannun Mohan ta koma kwano a hankali. Ya tashi ya shiga banɗaki, muka ji ruwa na zuba, na zuba, ba ya tsayawa.

Malam ya ce, "Inna lillahi. Hajo, saniya a wurinsu kamar uwa take. Tun da aka haife shi bai taɓa ɗanɗana ta ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Shi ke nan, ba zai sake tako gidan nan ba."

Sai a lokacin na lura yatsuna na nan bisa kaina.

Da Mohan ya fito idanunsa sun yi ja. Na ɗauka takalminsa zai nema, sai ya koma ya zauna. Ya yi magana a hankali, Malam na juya mini. Ya ce zai yi wanka da azumi yadda addininsu ya tanada, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ya ce, "Na daɗe ina gaya wa mijinki amfanin karatu da baki. Yau aka zo a gani ko na karantu. Abin da kike ba wanda kike girmamawa kika ba ni. In na fita da fushi, ashe idona kawai na ɓata a kan littattafai." Sai ya nuna butar shayi. "Wannan fa, mafi bagara?" Wato, babu saniya a ciki?

Malam ya yi dariya har da tari. Ni kuwa na ruga kicin na yi kukana.

Juma'a ta zagayo bai zo ba, ta gaba ma haka. Malam ya rage cin abinci. Sai wata Juma'a muka ji ƙwanƙwasa ƙofa. Mohan ne, riƙe da ledar adas, wani ɗan ƙanƙanin wake, da garin kurkum, wai zai koya mini miyarsu. Daga nan ya zama ɗan gida. Sai dai duk zuwan da zai yi, yakan tsaya bakin kicin yana mini hira, idonsa na kan tukunya. Ni ma na yi hankali: yanzu in baƙo ya ce ba ya cin abu, sai na tambayi dalili kafin in fara tausaya masa.

Da ciwon Malam ya yi tsanani, Mohan na zaune a barandar asibiti da sandarsa, yana motsa baki da tasa addu'ar. Malam ya yi kalmar shahada, na ɗauka ya gama magana. Sai ya matse hannuna, na kai kunne kusa da bakinsa.

Ya ce, "Mohan zai zo miki gaisuwa, Hajo. Ki ba shi shayi. Shayi kawai, kar ki yi masa gwaninta."