Zif a Ƙeyar Mai Shara

"Kaka, ina kwana? Au, ashe kana nan da ranka? Ni da na zo da shirin kwasar gado!"

"Gadon wa, 'yar baƙin ciki? Sai na binne ku kaf. Ina tikitin?"

Marcy Wozniak ta ɗaga tikiti biyu na fim ɗin ƙarfe ɗaya, tana tsaye a ƙofar gidan kakanta Kaz a garin Toledo. Shekara arba'in da ɗoriya tsohon nan yana sayen mujallar zane ta Mai Shara, wani mai kwasar bola da 'yan daba suka ƙona wa fuska, ya rufe ta da takunkumin fata, ya shiga farautarsu ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a motar shara. Ba ya magana, ba ya yafiya, ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Sau biyu ana mayar da shi fim, sau biyu Kaz yana ficewa daga silima kafin a kai rabi, kuma ya taɓa gaba da ɗan cikinsa har mako uku don yaron ya ce na biyun ba laifi.

Yau ga na uku. Abin da tsohon bai sani ba shi ne Marcy ba rigunan amare take ɗinkawa a Cleveland ba kamar yadda ta gaya masa. Wata biyar ta yi a ɗakin telolin fim ɗin nan, ita ta ɗinka takunkumin da hannunta, kuma karo na farko a rayuwarta sunanta zai fito a jerin sunayen ƙarshe. Ba ta son komai a duniya yau illa wannan rigimammen ya zauna ya gani.

"Mene ne kuma kake cusawa a aljihun kwat?"

"Shaida. Fitowa ta ɗaya ta mujallar, tana cikin ledarta. In suka sake yi mini ƙarya, manaja zan nuna wa."

"Manajan silima shi ya yi fim ɗin? Yaron da ke sayar da gugguru ma ya girme shi."

"To ya kai ƙarar gaba. Janye hannunki, ja'ira! Maiƙon yatsunki kaɗai ya isa ya kashe takarda."

Ta san halin kayanta, don haka ta sa shi a kujerar jikin bango, ta zauna ta tare hanya, ta karɓe sandarsa ta danne da cinya. Minti ashirin da farawa jarumin ya kai hannu ƙeya, ya ja zif, ya cire takunkumi. Sai ga kyakkyawan saurayi, haƙora fari tas, da ɗan tabo a gefen gira kamar kyanwa ta yakushe shi. Kaz ya yi wani nishi da ya sa layi uku suka waiwayo. Daga nan Mai Shara ya yi budurwa, ya yi kare, ya yi barkwanci, a ƙarshe ya kama shugaban 'yan daban ya miƙa wa 'yan sanda salin alin. Marcy ta sha tsaki a kunnenta na dama har ya yi zafi.

Da sunaye suka fara hawa allo, ba wanda ya motsa a zauren. Kowa na jiran ɗan guntun da ake ɓoyewa bayan sunaye. Kaz kaɗai ya yunƙura.

"Ba ni sandata."

"Zauna, tsoho. Akwai saura."

"Saura me? Sun aurar da shi, sun ba shi kare. Saura su buɗe masa shagon furanni?"

"Minti bakwai kawai."

"Minti bakwai a shekaruna ba abin wasa ba ne. Kin san mutum nawa sa'o'ina suka mutu cikin minti bakwai?"

"Sa'o'inka ai tun a jirgin Annabi Nuhu suka ƙare. Kai ma don ka ɓuya a bayan raƙumin dawa ne."

"Ke kuwa ranar da aka haife ki, nas ta leƙa ta ce mu tafi da zanen mu bar jaririyar."

Wani ƙato a gabansu, sanye da rigar Mai Shara ta roba, ya juyo. "Baba, don Allah a yi mana shiru."

"Shiru ka ji me? Rubutu ne ke wucewa! Da kunne kake karatu?"

Marcy ta dafe kai. Wallahi da jikar wani ce da tuni ta miƙa masa sandar ta buɗe masa ƙofa. A allo an wuce 'yan wasa, an shiga direbobi. Teloli suna can ƙasa, bayan masu fitila.

"Kaka, tsakani da Allah, faɗan cikin motar shara bai yi kyau ba?"

"Faɗa? Rawa dai. Mai Shara na gaskiya ƙafarsa ɗaya a shanye take, da ƙyar yake hawa mota. Wannan yana tsalle kamar an taka wutsiyar biri. Kuma yana magana! Shekara arba'in bai ce uffan ba, yau na ji shi yana cewa 'ina son ki'. Ni ko kakarki ban gaya wa haka ba, mun yi shekara hamsin lafiya."

"Ita ta san irin lafiyar."

"Duk wannan na yafe. Daraktan yaro ne, bai san komai ba. Amma telan nan!"

Marcy ta juyo. "Wane tela?"

"Wanda ya sa zif a ƙeyar Mai Shara! A shafi na tara na fitowa ta ɗaya da allurar buhu ya ɗinke abin a wuyansa, don kada ya taɓa cirewa. Shi ne wani marar tsoron Allah ya zauna ya sa masa zif kamar jakar makaranta. In na gan shi, sai na ɗinke masa yatsu."

"Wataƙila umarni aka ba shi."

"Ya ƙi mana!"

"Wataƙila sau uku yana ƙi, aka ce ga ƙofa nan. Wataƙila ya yi kwana goma yana ɓoye zif ɗin a ƙarƙashin ɗinki don kada wani tsoho mai baƙar zuciya ya gani."

"Ke lauyarsa ce? Bari ma in ga sunansa. Ina gilashina? Yau sai na rubuta masa wasiƙa."

Ya laluba ya maƙala gilashi, ya miƙa wuya. Masu fitila suka wuce, masu kwalliya suka wuce. Sai ga shi a tsakiyar wasu sunaye shida, ƙanana kamar tururuwa: ɗinkin takunkumi, Marcella Wozniak.

Sunan ya hau a hankali ya ɓace a saman allo. Kaz ya bi shi da kallo. Marcy ta zare sandar daga ƙarƙashin cinyarta ta jingina masa a gwiwa, idonta ya cika, don ta tabbata yanzu zai tashi.

"Wozniak suna da yawa a ƙasar nan," in ji shi can.

"Suna da yawa."

"Da keken ɗinkin kakarki kika yi?"

"Da shi. Na kamfanin ya kasa cin fatar."

Ya cire gilashin yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Guntun da ake jira ya zo, mutane suka yi ihu suka tafa, ko kallo bai yi ba.

"Fim ɗin banza ne," ya ce.

"Na sani."

"Na banzan banza. Amma na lura an jefa shi a wuta, an ja shi a kwalta, ɗinkin bai ɓalle ba. Na ce a raina wannan telan ɗan iska ne, amma ɗan gidan mutunci ne."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Tsohon ya sa hannu a kwat ya zaro fitowa ta ɗaya, wadda tun tana 'yar shekara biyar ake buge mata hannu a kanta, ya ɗora mata a cinya.

"Ungo. Ki buɗe, ki karanta shafi na tara, ko kya yi hankali kafin na huɗu. Ki wanke hannu tukuna!"

"Kaka, ka ba ni? Ko dai jikin ne? In kira likita?"

"Ki kira mai tikiti, marar kunya. Ki sayo mana na ƙarfe huɗu."

"Za ka sake kallo?"

"Allah ya kiyaye! A waje za mu zauna mu ci gugguru har su gama shirmensu. In an fara sunaye ki shigo da ni, da sauri ya wuce, ban gani da kyau ba."