Disko a Walimar Zainab

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren 'yata Zainab ba, ko da duk mutanen unguwarmu Madabo sun manta (ba su manta ba, har yau ana tsokanata).

Ni fa 'yar zamanin disko ce. Muna yara, Yaya Sani, Allah ya jiƙansa, yana da rakoda mai cin kaset biyu. Da Baba ya fita kasuwa sai ya kunna a ɗakinsa na soro, ni ce mai naɗe masa kaset da biro, ladana kuwa ya bar ni na saurara daga bakin ƙofa. Turancin ba ji nake ba, amma kiɗan har cikin ƙashina yake shiga. Daga baya waƙoƙin fim masu fiyano suka zo suka ture disko, muka yi ta tsaki, sannan muka haddace su tsaf. Yanzu kuma ga na su Abba, ɗana, wai hip hop: mutum ya karkata hula yana zuba zance kamar an biyo shi da bulala. Kullum sai na ce masa wannan ba waƙa ba ce, masifa ce da ganga.

Da biki ya matso na kafa doka: babu kiɗa ko kaɗan. Dangin ango gidan malamai ne a Gwammaja, uwarsa Hajiya Bilki kuwa ko dariya sai ta auna take yi. So nake Zainab ta shiga gidan nan da mutuncinta, kada a ce daga gidan sharholiya aka ɗauko ta. Abba ya yi magiya har ya gaji, na ce a'a.

Abin da babu wanda ya sani, akwai waƙar disko ɗaya a wayata, wadda Yaya Sani ya fi so. Ita nake ji a ɓoye in zuciyata ta yi nauyi.

Ranar walima Abba ya haɗa wayata da babbar sifika aka buɗe taro da karatu. Aka gama ya miƙo mini abata (ni na ɗauka tunda babu igiya, an rabu ke nan). Malamar da muka gayyato ta fara nasiha, tana cewa 'ya mace baƙuwa ce a gidan ubanta. Sai na ji hawaye na zuwa, na sulale uwar ɗaka, na danna waƙar Yaya Sani. Shiru. Na ƙara murya. Shiru. Na ƙure ta har ƙarshe, ina jijjiga wayar.

Sai ga kiɗa ya ɓarke a tsakar gida, har tagogi na rawa. Wallahi ko kusa ban kawo kaina ba. Na fito a fusace, mayafi na jan ƙasa, na tsaya gaban mata cike da gida.

"Abba! Wane marar kunya ne ya kunna mana wannan shashancin?"

Yaron ya dube ni, ya dubi hannuna. "Umma, wayarki ce."

Malama tana riƙe da makirfo baki buɗe. Zainab ta cusa kai cikin mayafi, kafaɗunta na rawa, kuma ba kuka take ba. Ni kuwa na danna nan na danna can, waƙar ta sake farawa daga farko. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Bayan an watse Hajiya Bilki ta ce tana son ganina. Na bi ta, na tabbata na zubar wa 'yata da daraja. Ta turo ƙofa, ta rage murya.

"Maman Zainab, ina kika samo wannan?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, ta yayana ce marigayi..."

"Ita aka sa ranar kamuna," ta ce, idonta ya ciko. "Rabona da jin ta tun ina amarya. Ki tura mini, amma kada Malam ya ji."

Tun daga ranar na daina zagin kiɗan Abba. Na san wata rana shi ma zai ɓuya a ɗaki da hip hop ɗinsa yana share hawaye, 'ya'yansa na yi masa tsaki. Addu'ata ɗaya gare shi: Allah ya sa ya tuna ya raba wayar da sifika.