Ambaliyar da Ba Ta Ga Honarabul Ba

Yau na fita da niyyar yi wa ƙasa amfani, na dawo da jiƙaƙƙen takalmi da ciwon kai. Mai keken adaidaita ya sauke ni a tsakiyar hanya don mansa ya ƙare, na ƙarasa a ƙafa cikin taɓo har wani ofishi da ake ajiye bayanan bala'o'i. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san ni da kunya.

Malamina na jami'a ne ya sa ni aikin. Ya ce in ɗora taswirar wuraren da ambaliya ta ci a kan taswirar mazaɓu, mu ga ko ruwa da wakilci suna gaisawa. Ni ma ina da nawa dalilin. Maƙwabciyata Mama Hembadoon, ruwa ya shanye gonar doyarta a ƙauyensu can bayan Doma, kuma an ce ƙauyen da aka rubuta ya yi ambaliya kaɗai za a raba wa irin doya. In ba ta samu ba, baɗi ba ta da abin shukawa.

Da zan fito ta tare ni a bakin famfo. "'Yata, ke da kin yi boko, duba mini ko ruwan mu ya shiga kwamfuta."

Bai shiga ba. Oga Dabo, mai kula da kwamfutar, ya duba sama ya duba ƙasa, ƙauyen nan a bushe yake ƙamas. Amma unguwar Honarabul ɗinmu, Mai Girma Uban Jaje, wadda ke kan tudun da ko akuya sai ta huta kafin ta hau, a kwamfutar kowace damina tana nutsewa.

Na tattaro ɗan ƙarfin halina. "Ranka ya daɗe, yaya ake tabbatar da an yi ambaliya?"

Ya dube ni kamar na tambayi kalar manja. "Hoto mana! Mai Girma ya je jaje, a ɗauke shi da takalmin roba yana ɓata rai. Babu hoto, babu ambaliya."

"To me ya hana shi zuwa ƙauyen su Mama?"

"Ta ina zai bi? Ruwa ya cinye gadar." Ya rage murya. "Kuma akwatinsu bai yi kyau ba a zaɓe."

Jama'a, a yaba wa manyanmu. Wasu ƙasashen suna ɓarnar kuɗi wajen auna ruwa, mu namu da takalmin mutum ɗaya ake auna shi.

Oga Dabo ya yaba taswirata ƙwarai. Har ya roƙi in bar masa kwafi, wai yanzu Mai Girma zai san inda bai kamata ya ƙona mai ba. Ilimina ya yi rana ke nan.

Da na gaya wa Mama Hembadoon, sai ta tambaye ni:

"Wato gona na bai nutse ba?"

"A hukumance, Mama, bai nutse ba."

"To su zo su haƙa doyan, mu raba biyu."

Na riga na rubuta wa malamina sakamakon bincike: ruwan garinmu ya waye, sai ya duba sakamakon zaɓe kafin ya sauko. Doyar Mama ce kawai ta ruɓe ba tare da izini ba.