Aljanin Matakalar Ruwais

Na sayi takalmin zamiya kan ƙanƙara a gwanjo, wai zan je Tabuk da hunturu, inda ƙanƙara ke sauka. Mai sayarwa ya nuna min maɓalli a dunduniya: a buɗe don hawa, a kulle don gangara. Na ce halas, shi ke nan, na gane.

Bayan azahar, da gidanmu na unguwar Ruwais ya yi tsit, na sa takalmin, na kulle maɓallin, na fara saukowa daga bene. Idon sawuna ya ƙi lanƙwasuwa. Ƙwas, ƙwas, a hankali, cikin duhun matakala. Na ji ana murɗa makullai, maƙwabciyarmu Khala Zainabu tana Ayatul Kursiyyu, ta zaci aljani ne. Da ta leƙo, ta same ni rungume da bango.

"Ya waladi, ɗana, kai ne?"

Tabuk dai ban je ba. Har yau in na yi sallama, sai ta ce a kunna turare, mutumin ya dawo.