Giyar Da Kuka Raɗa Wa Suna Magani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Tonik ɗin Ƙarin Jini, gatan masu juna biyu,

Bayan gaisuwa da fatan ciniki yana ta bunƙasa, ni tela ne, mijin wata da ta sha tonik ɗinku tun cikinta yana ƙarami. Na zo jinjina, ranka ya daɗe.

Na ɗaya, na yaba hikimarku wajen raɗa suna. Matata ko ƙofar gidan giya ba ta bi, sai ta tsallaka titi. Amma da mai kemis ya miƙo mata kwalbarku, ta ga an rubuta MAGANI ɓaro-ɓaro, sai ta riƙa sha safe da yamma har da bisimilla. Wane malami ne ya koya muku musuluntar da giya da kalma ɗaya?

Na biyu, ban ce kun ɓoye gaskiya ba, Allah ya kiyaye. Kun rubuta cewa akwai barasa a ciki, can ƙarƙashin kwalba, da baƙaƙen da ramin allurata ya fi su girma. Kiyashi kuka rubuta wa, ko masu ciki?

Na uku, tallanku ya ce yana sa barci mai daɗi. Wallahi yana sawa! Sai a asibiti likita ta gaya mana cewa duk abin da uwa ta kurɓa ɗan cikinta ma ya kurɓa, kuma babu wani "ɗan kaɗan" da ba ya cutar da shi. Ashe yaron yana can yana buguwa, mu muna murna ba ya damunta da motsi.

Ya zo bakwaini, ranka ya daɗe. Daga kwalbarku sai kwalbar asibiti. Likita ta ce ko ya rayu, ba ta da tabbas a kan ƙwaƙwalwarsa. Uwarsa ta daina cin abinci, kanta take tsinewa, ku kuwa ko sunanku ba ta ambata. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ba diyya nake nema ba. Ku rubuta GIYA yadda kuka rubuta MAGANI, ko tawada ce ta yi tsada?

Na ɗinka wa yaron riguna tun kafin ya zo. Na rage su, na sake ragewa, har yau ninkaya yake a ciki.

Naka mai biyayya, har da durƙuso,
Telan bakin kasuwa.