Yakuwar Inna a Ƙarƙashin Bokiti

Abin da na fara gani ranar da muka tare a Kudai, wata unguwa a Makka, shi ne yakuwar maƙwabciyarmu Inna Asabe, cikin gwangwanaye a saman bene. Ba ni da ƙawa, sai na riƙa hawa ina zama kusa da yakuwar.

Malamarmu ta ce a ƙasashen sanyi ana kifa wa rawand, wani tsiro mai tsami, bokiti don ya yi taushi. Na ce ai yakuwa ma tsami gare ta. Na kifa mata bokitin ƙarfe, a zafin Makka.

Inna ta ɗaga, ganye ya dahu lugub.

"Ya binti, 'yata, saura gishiri!"

Yaran gidan suka sa mini Mai Miya, Inna kuma ta sa wa ƙofar benen kwaɗo. Jiya na daure na ce, "Inna, ki bar ni in hau. Hannuna a baya zan riƙe."